Zoɓon Baba Lawandi

Ranar da aka turo ni makarantar bayan Ƙofar Sauri
na zo da digiri a jaka, da takalmi mai ƙara,
na ce a buɗe mini ɗakin gwaji.
Aka ce sai Baba Lawandi ya fito masallaci,
makullan na ɗaure a mazagin wandonsa.

Dattijo ne siriri, gemu kamar an kaɗe masa alli,
yatsu biyu na hagu da tabon asid
tun ban shiga firamare ba.
Shekara ashirin da bakwai yana wanke kwalabe.
A takardar albashi sunansa na can ƙasa,
tsakanin maigadi da mai shara.

Famfo shida ne a ɗakin, babu mai ɗigo.
Shi ke tare mai kura da sassafe,
jarka biyu, daga aljihunsa,
wai in wata ya yi a biya shi.
Har yau ba a ga wannan watan ba.

Saura sati uku jarrabawar fita
na buɗe kabad, na ɗauko 'yar kwalbar nan
mai canza launi ta gaya wa yaro
wannan asid ne, wannan alkali,
ba na kotu ba.
Ta bushe ƙamas.
Kwanan watan jikinta ya girmi 'yan aji ɗaya.
Na rubuta wa ofis, ofis ya rubuta wa ma'aikata,
ma'aikata ta ce ana dubawa.
Yara tamanin da huɗu, na koma allo
ina zana musu launi da farin alli:
ku ɗauka nan ja ne, ku ɗauka nan ya juye.
Suka ɗauka, suka rubuta.
Ba wanda ya gani.

Baba na bakin taga yana goge gilashi,
bai ce uffan ba.

Washegari ƙamshi ya tare ni tun daga baranda.
Tukunya kan risho,
zoɓon ɗari biyu daga 'Yar Kutungu.
Na ce, Baba, walima muke yau?
Ya ce, Malam, ai ba sukari.
Ya tace da tsohon kallabi, ya zuba kofi uku.
Na farko ya matsa masa lemon tsami,
ja ya ƙara ja, kamar an hura garwashi.
Na biyu ya ɗiga ruwan kanwa,
sai ga kore, duhu-duhu, miyar kuka sak.
Na uku ya bar shi, ya ce wannan shaida ne.

A wane littafi ka gani?
Ya ce, a gindin murhun Inna,
ranar da ta juya zoɓo da ludayin kanwa.
Ita ta yi ta salati, ni na riƙe.

Shafa'atu, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba,
ita ta riƙe bututu tana ƙirga ɗigo,
a na goma sha tara ta ƙwalla ihu:
Malam, ya juya! Wallahi ya juya!
Kashegari ɗakin ya zama kasuwa,
ruwan toka, tsamiya, sabulun salo,
har da nonon da Nazifi ya sato daga furar babansa.

Da sakamako ya fito ni aka kira gaban taro,
aka miƙa mini takardar yabo, aka ɗauki hoto.
In ka duba gefen hoton da kyau
akwai rabin mutum ɗauke da benci.

Bara ya ajiye aiki.
Ya kwance makullan ya damƙa mini, goma sha ɗaya,
huɗu ba sa buɗe komai.
Tukunyar na nan.
Duk shekara, ranar da za mu dafa,
nakan rubuta sunansa a saman allo,
inda nake rubuta sunayen masanan ƙetare.
Bana wani yaro ya ɗaga hannu:
Malam, shi wannan ɗan wace ƙasa ne?

Na ce ɗan Rafin Daɗi ne.
Bi ta bakin masallaci bayan la'asar,
za ka gan shi kan tabarma,
yana jiran fansho.
Ka gaishe shi da kyau, ka duba hannunsa na hagu.