Batir Kamar Kwabo

Biyun dare saura kwata a Bur Sudan.
Gumi ya jiƙa kujera, ta sha ta ƙoshi,
janareto na tari a bayan gini,
ni da allo muna kallon-kallo.

Na'ura ɗari uku da sha bakwai nake kiwo,
ba sanda, ba gora, ba zuwa mashaya.
Da la'asar nakan rubuta umarni guda,
manhaja ta ɗauka, ta bi su ɗaki-ɗaki,
daga ma'aunin kaya na ƙofar kudu
har 'yar rautar da ke maƙale a Sawakin.
Jiya ta bi su. Shekaranjiya ta bi su.
Yau ta yi sallama, ba wadda ta amsa.

Ja, ja, ja, layi bisa layi,
sai ka ce an shanya barkono a allo.

Tajussir ya bugo daga bakin ƙofa:
manyan motoci sun yi jerin gwano,
direbobi sun fara kwance rawani,
akwai mai riɗi, akwai mai raguna,
kuma raguna ba su san uzuri ba.
Na ce masa minti goma.
Ƙarya nake, shi ma ya sani.

Kaina na fara tuhuma.
Na warware aikin la'asar zare-zare,
ina neman waƙafin da ya ɓace hanya.
Babu.
Na tuhumi kebul, na tuhumi ɓera,
na tuhumi Mu'awiya da ya tafi hutu
ya bar kalmar sirri a bayan kalanda.
Allah ya yafe mini, ba ruwansa.

Babana a Mai Wurno da jigo ya yi ban ruwa,
guga ɗaya, fangali ɗaya,
har kafaɗa ta koyi kukan icce.
Ni kuwa ƙofa guda nake ɗagawa
ruwa ya malale gonar duka.
Ya taɓa ce mini: to, ran da ruwan ya yi gishiri fa?
Na yi dariya a ranar.

Sai na tuna Sa'adiyya da ta koya mini aikin:
kar ka karanta ihun, karanta kwanan watan.
Na koma rajista, na bi gefen hagu da yatsa.
Ashe!
Sabar ta farka daga ɗaukewar wuta
tana rantsuwa shekara goma baya muke.
Duk takardar shaidar da aka miƙa mata
sai ta ce: ba a haife ki ba tukuna.
Tsohuwa ce ta tashi daga dogon suma
tana korar jikokinta, wai baƙi ne.

Na buɗe cikinta da sukuddireba.
Ga mai laifin nan, zaune lafiya lau:
batir, faɗinsa bai kai kwabo ba,
shi ke riƙe agogo in duniya ta yi duhu,
ya mutu tun yaushe, ba wanda ya yi masa ta'aziyya.

Kanti a rufe. Babikir mai gadi
ya ɓare makullin motar ofis da wuƙar albasa,
ya miƙo mini na ciki, ya koma kan jabanarsa,
ƙanshin citta ya biyo shi har ƙofa.

Na saita agogo. Hannuna ya kai
kan maɓallin da ke sakin ruwa gaba ɗaya,
sai na janye shi.
Fangali ɗaya tukuna, Baba.
Ta yi kore. Na ba goma. Na jira.
Na ba hamsin, na ba sauran.

Ladan na gyaran murya motar farko ta hau ma'auni,
na ji kukan raguna ta wayar Tajussir.

Ɗari uku da sha shida.
Ta Sawakin har yanzu ja take,
ga motar ofis, makullinta ba rai.
Na naɗe kebul na sa a aljihu.
Bas ɗin farko ƙarfe shida yake tashi.