Hanjin da Ya Koyi Haɗiya

A bayan gidanmu a Recife, gefen kogi,
nake dafa sabulu da tsohon man suya.
Sodar tana cikin kwalbar lemo. Ni na zuba ta.
Iraci, shekara uku, ta shigo da ƙishirwa.
Kurɓi ɗaya.
Ba zan ƙara cewa komai a kan wannan rana ba.

Maƙoshinta ya warke irin warkewar ƙuna,
ya tsuke, ya ƙara tsukewa,
har yawun bakinta ya rasa hanyar wucewa.
Shekara biyu abincinta ta roba yake shiga,
ta ƙofar da aka huda mata a ciki.
In niƙa wake, in tace, in tura da sirinji,
ita kuwa tana kallon bakin yayanta
kamar mai kallon jirgi daga gaɓa.

Likita Valdete ta zana mini a bayan takardar magani:
za mu yanko taƙi guda na babban hanji,
mu bi da shi ta bayan ƙashin ƙirji,
mu ɗinke a wuya, mu ɗinke a ciki.
Na ce, hanji ai hanyar fita ce.
Ta ce, hanya ba ta san gabas ba,
matafiyi ne ya sani.

A kwana na shida ɗinkin wuya ya yi yoyo,
yawu na tsattsafowa ta gefen bandeji.
Suka ce yakan faru, yakan toshe da kansa.
Ya toshe, bayan mako uku.
Genival, yaron gadon bakin taga,
nasa hanjin jini bai kai masa ba.
Cikin dare aka koma da shi ɗakin tiyata.
Uwarsa ta bar filas ɗin kofinta a wurina.
Yana nan har yau.
Na kasa tambayar kowa.

Loma ta farko ayaba ce, an murje ta da cokali.
Iraci ta daɗe riƙe da ita a baki,
ta manta abin da ke biye da tauna.
Can sai ta haɗiye.

Yanzu shekararta tara.
Duk ajinsu ita ce ƙarama a jiki.
Bisa matasai uku take kwana,
kada abincin dare ya juyo.
Sau huɗu muka koma aka buɗa mahaɗar da ta tsuke.
In garin rogo ya tsaya mata,
sai ta sa yatsu biyu ta shafo wuyanta ƙasa,
ta kora da ruwa, ta ci gaba da labarinta.
Wani sa'in ƙirjinta kan yi ƙugi irin na ciki
ana tsaka da darasi.
Ta ce musu kwaɗo take kiwo.

Na bar sabulu.
Dafaffiyar masara nake sayarwa a bakin teku.
Jiya ta ɗauki guda, ba ta ko tambaye ni ba,
ta bi ta layi-layi, a hankali,
ni kuwa na bar mai saye tsaye da kuɗinsa a hannu,
ina ƙirga haɗiyarta.