Ƙato Bayan Ƙato a Kumo

Ni aka ba biro da takarda,
don ni ke koyar da lissafi a aji biyar.
Suka ce, Malam, kawuna za ka ƙirga,
ba ruwanka da abin da ke cikinsu.

Filin firamare, Asabar da hantsi,
hotuna biyu a bisa gora,
masu neman tutar shugaban ƙasa.
Jam'iyya ɗaya, hula iri ɗaya,
layi biyu kamar kunyoyin gyaɗa.

A bakin layin gabas Malam Gidado,
tsohon hedimasta, lema a hammata.
Shi shugaba mai tsawa yake so:
a rufe gidan kallon ƙwallo da an yi lisha,
a dawo da ladabi cikin manhaja,
yaro ya rusuna in zai gai da babba.
Ya ce gonar da ba shinge
ta awaki ce.

A bakin layin yamma Bappayo,
mai kai wake Tudun Hatsi,
aljihu cike da rasit kala bakwai.
Ya ce daga nan zuwa Gombe
igiya huɗu, katakon ƙusa uku,
kowa da littafinsa, kowa da hatiminsa.
Ba ya roƙon gwamnati ko allura,
ta dai cire hannu daga buhunsa,
ta bar kowa da kasuwarsa da Ubangijinsa.
Ya ce ya ji zancen shingen Malam,
amma akuyar da ke cin tasa gonar
a bakin shingen take zaune, da kujera.

Ga abin da takardata ba ta da gurbinsa:
gidan kallon nan na ɗan Bappayo ne,
wanda ke auren autar Gidado,
kuma wata tara ke nan ba fansho,
kuɗin ƙofar ne ke sayen maganin hawan jini.
Ga kuma wani:
daren da aka tare motar wake a daji,
muryar Bappayo har tasha ake jin ta,
ina hukuma, ina hukuma!

Na fara ƙirga.
Kafaɗa, kafaɗa, kafaɗa,
mai gumi, mai turare, mai goyo.
Gabas ɗari da tamanin da shida.
Yamma ina ɗari da saba'in da wani abu
hadarin da ke ta harararmu tun safe
ya kece.

Ba wanda ya tambayi wani ra'ayinsa.
Baranda ɗaya ce mai kwano lafiyayye,
nan gabas ta cusa cikin yamma.
Hotunan suka jiƙe, tawada ta zuba,
har ba ka gane mai gemu da mai tabarau.
Na hango lemar Gidado a buɗe,
rabinta a kansa,
rabi a kan rasit ɗin Bappayo.
Suna ta musu, goro ɗaya suka raba.

Da aka ɗauke, muka sake layi.
Goggo Dudu ta koma yamma
don can ƙasa ta fi tsanewa.
Wasu samari uku suka bi gabas,
ban san dalili ba, ban tambaya ba.
Lissafin farko ya narke a hannuna,
na biyu na rubuta, na sa hannu,
wakilai suka karɓa suna gunaguni.

Wanda ya ci, rediyo za ta faɗa.
Ni abin da na gani da magariba:
babur ɗin Bappayo yana ratsa taɓo,
Malam a baya ya riƙe kafaɗarsa,
yana cewa, bi a hankali, akwai doka,
shi kuma yana cewa, to sauka mana.
Bai sauka ba.
Shi ma bai ƙara wuta ba.