Igiyar Ponnamma

Uwata Ponnamma sana'arta murza igiya
da zaren ɓawon kwakwa, a Alappuzha,
inda ruwa ya fi ƙasa yawa,
inda kwale-kwale ne jakin kowa.
Tafin hannunta ya yi kanta kamar bayan kunkuru,
amma ba ta taɓa ɗaga shi a taro ba.

Damina ta zo ta kwashe gadar katako,
ta bar turaku biyu suna kallon juna.
Ƙanwata Thulasi ta tsaya bakin ruwa,
jakar littattafai a ka,
tana hangen makaranta a ƙetare
kamar mai neman jinjirin wata.

Duk ranar da yara suka kasa ƙetarewa
sai uwata ta yi ƙulli ɗaya a igiya.
Babanmu ya ce, "Kina ɓata abin kuɗi."
Ta ce, "Ajiya nake yi."

Ranar taron majalisar ƙauye
mata suka zauna can baya, gun tukunyar shayi,
inda magana ke isowa ta riga ta huce.
Aka yi batun fitilun titi, aka yi na fentin ofis.
Shugaba na shirin rufe littafi
sai ga hannun nan mai kanta a sama.
Muryarta na rawa, gwiwarta na rawa,
igiyar ce kaɗai ba ta yi rawa ba.
Ta warware ta a kan tebur,
ta bi ta ture kofin shugaba.
"Ku ƙirga," in ji ta.
Magatakarda ya ƙirga: sittin da bakwai.
Wani ya yi dariya, dariyar ta rasa abokin tafiya.

Aka ce gada ba hurumin ƙauye ba ce,
sai gwamnatin jiha, sai babban birni.
To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Mata goma sha ɗaya suka haɗa kuɗin jirgin ƙasa
daga cinikin kifi da na igiya,
suka kwana zaune har Thiruvananthapuram,
sunan da ya kusa kai igiyar tsawo.
Ofis ya miƙa su ga ofis,
benci ya gaji da su, ba su gaji ba.
Tsohuwa Kunjumol, wadda ba ta karatu,
ita ta haddace lambar takardar,
tana rera ta kamar mai lallashin jika.

Ba zan yi muku ƙarya ba:
gada ba ta zo a shekarar ba,
ba ta zo a ta biyu ba.
Uwata ta tsaya takara, ta faɗi da ƙuri'a tara.
Ta dawo gida ta dafa shinkafa,
ta yi kuka kaɗan a bayan murhu,
da asuba ta koma kan zarenta.
Zaɓe na gaba, ta ci.

Yau gadar siminti ce, mummuna, mai ƙarfi,
babu sunan uwata a jikinta.
Thulasi ta bi ta kai har ta gama makaranta,
yanzu tana ofishin ayyuka na jiha,
a bayan tebur ɗin da aka taɓa ce musu "ku dawo gobe."
Ta rataye igiyar a bango.
Baƙi na tambaya, ko ado ce?

Ke yarinya da ke zaune gun tukunyar shayi,
na san abin da kike ƙirgawa a zuci:
famfon da ya ƙafe, asibitin da ba ungozoma.
Zare ɗaya, ɗan yaye ma ya tsinka shi,
a murza shi da 'yan uwansa, ya ɗaure jirgi.
Matso gaba.
Kujerar ba ta da zafi,
kuma shayin, wani ma ya iya zubawa.