'Yan Dakon Jini

Asibitin Rize, hawa na uku.
Nermin ta miƙa hannun tsinkar ganyen shayi,
allurar maganin daji na jira.
Likita Tolga ya duba takarda, ya ciji leɓe:
furotin ɗin jininta ya ja baya.

"Shi ne ɗan dako," ya ce,
"ya goya magani, ya sauke sannu.
In 'yan dako suka ƙaranta
kaya ya zube, ya ƙona hanya."

Ta sani.
Wancan zagayen bakinta gyambo ya zama,
ko ruwa sai ta runtse ido.

Ya soke lamba, ya rubuta ƙarama.
Sevgül, autarta, na ɓare dafaffen ƙwai a bakin taga.
Nermin ta ci rabi.
Saura, ta ce, sai ruwan sama ya ɗauke.