Mai Share Fage

Ni na fara ɗora ƙashin Sallau,
a zauren ubana, bayan kasuwar Daura.
Ya shigo rungume da kafaɗarsa
kamar wanda ya sato ta.
Kaka ashirin da shida ke nan.

Na san jikin nan fiye da gonata.
Ga haƙarƙarin da ya bari a Sandamu,
ga idon sawun Zango,
ga yatsan da ya ƙi miƙewa
tun daren da wani Ba'adare ya zauna a kansa.

Ba shi ake jira ba.
Shi ake turawa da sauran rana,
masu gyaɗa ba su gama sauke faranti ba,
makaɗi na jan tsarkiya,
yana gwada kalangu da sunansa.
Kirarinsa bai cika numfashi ɗaya ba.
Kafin manya su fito da layu har gwiwar hannu
ya riga ya karkaɗe yashi daga kunne,
yana riƙe wa wani ruwa.

Abin da kokawa ta ba shi
ba ya cika kwando:
bokitin roba, sinƙin sabulu,
turmin atamfa da Lantana ta ce launinsa na zawarawa ne.
Sau ɗaya, a Mai'aduwa, bunsuru.
A hanyar gida ya cinye masa laya.
Sallau ya yi dariya har ɗorina ya motsa.

Yara sun bi ta hannunsa kamar ruwa a rariya.
Kowa na koyar da kaye,
shi faɗuwa yake koyarwa:
sunkuyar da haɓa, kada ka tari ƙasa da tafi,
ƙasa ba abokiyar gaba ba ce.
Ɗan Jimmai da ya goya a keke
yanzu daga cikin mota yake ɗaga masa hannu.
Sallau kan ce, ka ga yadda ya faɗi a Maraɗi?
Ko ƙwarzane babu.
Wannan faɗuwar tawa ce.

Asabar ɗin nan aka kawo shi a amalanke,
gwiwa ta kumbura kamar tulu.
Na shafa man shanu, na ce, Sallau, ya isa.
Furfura ta sauko maka har ƙirji,
sa'o'inka sun zama masu unguwa.

Ya dubi rufin zaure.
Ya ce, Ilu, kwana nawa?
Na ce, arba'in.
Ya lissafa da yatsun da suka rage masa miƙaƙƙu,
ya ce, ashe zan sami wasan Baure.

Ban amsa ba.
Na miƙa hannu saman azara
inda nake ajiye karan da na yanke daidai ƙafarsa
tun bara.