Ganau

Hatimina zai mutu ran tara ga Maris.
Haka aka rubuta a jikinsa da ƙananan baƙaƙe,
ƙarƙashin sunana da na gundumar Guilford.
Ɗan Adam bai san ranarsa ba,
amma wannan 'yar robar ta san tata tun ranar da aka yanka ta.

Shi ya sa na rufe shago tun la'asar,
na ture gangunan da ke jiran jirgin Kwatano,
na zauna gaban kwamfuta, ɗan firamare mai furfura,
ana tambaya ina amsawa.
Idan katin mutum ya ƙare fa?
Idan matarka ce ta kawo takardar?
Suka zare kuɗinsu daga asusuna, ban ce uffan ba.

Shekara biyar ke nan a Greensboro
ina danna wannan abu a kan takardun mutane.
Lawali ya sayar da tsohuwar motarsa mai tari.
Tsahara ta wakilta ƙanenta ya sayar da fili a Maraɗi,
biro na rawa a hannunta,
don a nan uwarta ke shuka kuɓewa.
Inna Barira ba ta taɓa riƙe alƙalami ba,
ta ja layi biyu suka gitta juna,
ta ɗago kai: "Sunan nawa ke nan duka?"
Na ce, "Na yau dai ke nan, Inna."
Akwai kuma takardar da ba na son tunawa,
wadda ta mai da Sahabi gida
kwance a ƙarƙashin kujerun fasinja.

Ba a ɗora mini sanin gaskiyar abin da ke ciki ba,
aikina bai kai can ba.
Ni dai in dubi fuska, in dubi kati,
in ga hannu ya motsa ba wanda ya murɗe shi.
Ganau ne ni. Jiyau ba shi da hatimi.

Sai ga Illiya wata Asabar,
Illiya da muka raba bargo ɗaya a sanyinmu na fari,
da takardar gida, an riga an sa hannun Rakiya.
"Tana barci, aikin dare ta yi a gidan tsofaffi.
Ka san ta, ka ci tuwonta. Danna kawai."
Na ce ta zo.
Ya ce, "Kai da ni?"
Na ce ta zo, ko bayan isha'i ne, zan jira.
Ya naɗe takardarsa ya ce Amurka ta cinye ni.
Shekara biyu yanzu, ran Juma'a
da kan yatsu yake gaishe ni.
Wataƙila ma hannunta ne.
Wannan wataƙilar ce ke tashe ni da tsakar dare.
Rakiya kan zo aika kaya, mu gaisa, ta tambayi yara.
Ban taɓa tambayarta ba.

Jiya na je ofishin rajista na ɗaga hannun dama.
Matar da ke bayan tebur, tabarau rataye a sarƙa,
ta karya sunana gida uku, na amsa duka ukun.
Na rantse, ta miƙo littafi, wannan karon ni ake kallo ina sa hannu.
Ashe haka yatsu ke yin gumi.

Sabon hatimi ya iso da warin tawada.
Na gwada shi a bayan rasit ɗin wuta,
na lissafa sabuwar ranar: sittin da uku zan cika, in da rai.
Tsohon kuwa na sa masa reza,
na raba sunana biyu, na jefa a kwando.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.
Wani saurayi ne, da ambulan a hammata, yana gaggawa.
Na ce, "Zauna tukuna. Ina katinka?"